Tawada a Harshen Amarya

MALAM: Salamu alaikum. Wa nake ji?

MUHSINA: Wa alaikumus salam. Baba, ni ce, Muhsina. Ina wuni?

MALAM: Lafiya lau, alhamdu lillahi. Muhsina tawa ta Ajingi?

MUHSINA: Kana da wata ce bayan ni, Baba?

MALAM: Babu. Muryar ce ta zo mini kamar daga cikin rijiya. Ya gida? Ya maigidan naki, Ja'afar?

MUHSINA: Yana lafiya, yana fama da gona. Ya ƙafar taka?

MALAM: Da sauƙi. Yau da kaina na taka har masallaci. Ya damina a wajenku? Mu nan garin Balan jiya an sha ruwa, har katangar bayan rumbu ta zube.

MUHSINA: Allah ya tsare gaba. Ya su Yaya Musbahu da matarsa Hanne?

MALAM: Musbahu ya tafi kasuwar Gaya. Hanne tana ciki tana tankaɗe, ina jin ta. Duk lafiya. Yaushe za ki leƙo mu? Ki taho mini da amaryata, na kwana biyu ban ga...

MUHSINA: Baba, maganarka tana yankewa. Matsa gindin dalbejiya, can ya fi kamawa.

MALAM: To, bari in lallaɓa. Ina sandar nan... Yanzu fa?

MUHSINA: Yanzu ina jin ka sosai.

MALAM: Cewa na yi ki kawo mini amaryata. Ko ta yi yaji ne? Ki gaya mata na ajiye mata goruba.

MUHSINA: Baba, ba a Ajingi muke ba. Muna asibiti a Kano. Kai ka rako mu har bakin titi, ka yi mana addu'a.

MALAM: Asibiti. Wa ba shi da lafiya?

MUHSINA: Ita amaryar taka. Jikarka, 'yata Ummukulthum. Idonta.

MALAM: Idon hagu.

MUHSINA: Shi.

MALAM: Na tuna. Ki yi haƙuri, 'yar nan, abubuwa suna zille mini. Tun tana goye fatar idon nan take da nauyi, kamar rina ta harbe ta. In ta yi mura ya tashi, in ta warke ya kwanta. Har wanzami ya zo da ƙarfensa wai a yi sakiya.

MUHSINA: Kai ka hana shi. Likitar ma da na ba ta labari sai ta ce in gode maka, da an huda da tuni wani zance ake yi.

MALAM: Mace ce likitar?

MUHSINA: Mace ce. Mai haƙuri kuwa.

MALAM: Allah ya yi mata albarka. Me suka ce shi ne? Ba wannan mugun ciwon ba ne ko?

MUHSINA: Ba ciwon daji ba ne, sun tabbatar. Sun ɗauki hoton cikin kanta sun nuna mini. Wai wasu 'yan jakunkuna ne na ruwa a bayan ƙwayar idon, da su aka haife ta. Hanyoyin da ruwan jiki yake bi ne ba su haɗu daidai ba a wajen, sai suka yi ƙulli-ƙulli. Shi ya sa in ta yi mura suke cika. Wannan karon kuma jini ne ya zuba a cikin babbar, shi ya turo idon waje haka.

MALAM: To su yanke su mana.

MUHSINA: Na tambaya. Ta ce ba sa yankuwa duka. Sun ratsa tsakanin jijiyoyi kamar saiwar tofa a gona, in aka ce sai an tumɓuke, idon ne zai tafi. Abin da suke yi, su sa ta barci, su bi da siririyar allura suna kallo a na'ura, su zuƙe abin da ke cikin jakar, su zuba wani magani da zai sa ta motse ta manne. Kuma ba sau ɗaya ba, za mu riƙa dawowa. In hakan bai isa ba akwai na sha da za su ɗora ta a kai.

MALAM: Ikon Allah. Allura a bayan ido. To an yi? Ta tashi lafiya?

MUHSINA: Ba a yi ba, Baba. Da yau da safe za a yi. An fasa.

MALAM: Wuta suka ɗauke?

MUHSINA: A'a. Daga wajenmu ne. Tun jiya suka ja mana kunne, kada ta ci komai, kada ta sha komai, har a shiga da ita. Wai in akwai abu a cikinta, tana cikin barcin zai iya tasowa ya faɗa huhu, kuma ba za ta iya tari ba. Da safe an sa mata rigarsu, an ɗora ta a gado mai taya, har mun kai ƙofar ɗakin. Sai wata nas ta ce ta buɗe baki. Tana buɗewa sai ga harshenta baƙi ƙirin.

MALAM: Baƙi? Me ta ci?

MUHSINA: Tawada ce, Baba.

MALAM: Wa zai ba yarinya tawada a asibiti?

MUHSINA: Rubutunka ne. Goggo Hajo ta ba ta da asuba, ina wajen alwala.

MALAM: Hajo ƙanwata? Me ya kai ta Kano?

MUHSINA: Kai ka haɗa ni da ita ta taya ni jinya. Kuma a hannunta ka danƙa robar rubutun. Ka ce kullum da asuba a tsiyaya kaɗan, a haɗa da madara da zuma saboda ɗaci, a ba ta, kada a tsallake ko safiya ɗaya har ya ƙare. Ka sa mu duka muka ce mun ɗauka.

MALAM: Ni na rubuta?

MUHSINA: Kai. Ka daɗe rabonka da alƙalami saboda rawar hannu. Ranar ka ce a ɗauko maka allon nan na Kaka, ka wuni a zaure kana yi kana gogewa. Ko abinci ba ka ci ba.

MALAM: Allon mahaifina, mai tsagewa ta gefe. E. Na tuna sanyin allon a cinyata. Abin da na rubuta ne ban... To, da aka ga tawadar sai me?

MUHSINA: Sai aka tambaya. Goggo ta ce ai ba abinci ba ne, rubutu ne. Ta yi ta maimaitawa. Ba su yi mata faɗa ba, amma suka juyo da gadon. Yarinya ta sha yunwa a banza, tana tambayata ko an gama.

MALAM: Allah sarki, amaryata.

MUHSINA: Likitar ta ce ta samo mana wuri gobe da sassafe. In aka sake rasawa, sai layi ya zagayo, kuma akwai yara da yawa a gabanmu. Idon ba zai jira ba, Baba. Jakar tana danne jijiyar gani. Ɗazu ta rufe mata idon dama da hannu, ta ɗaga gefen mayafina, jan nan da ka sani, ta ce wane launi ne. Sai ta ce ruwan toka.

MALAM: Jan mayafin?

MUHSINA: Ta ce ruwan toka. Ranar da muka zo tana ƙirga yatsun likita da idon. Yau sai ta ce tana ganin abu yana motsi.

MALAM: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

MUHSINA: Ba su yi mini alkawarin zai dawo duka ba. Sun ce abin da ya rage suke so su tsare.

MALAM: Kada ki yi kuka a gabanta. Kina ina yanzu?

MUHSINA: Ina bakin matakala. Tana barci. Baba, abin da ya sa na kira, Goggo ta ce gobe ma sai ta ba ta. Ta ɓoye robar, ban san inda ta sa ba. Ta ce wanda ya ɗora mata amana shi kaɗai zai sauke. Ni kuma ba zan kama kokawa da ƙanwar ubana a gaban mutane ba. Ja'afar ya yi mata magana a waya, ta ce shi suruki ne, ya tsaya a matsayinsa. Kuma... ni ma ina tsoro, Baba. Na ce maka na ɗauka. In na karya, wani abu ya same ta a ɗakin nan, ban san yadda zan yi da raina ba.

MALAM: In na ce kada a tsallake, to da dalili. Bari in nemo shi. Malaminmu na Kademi, Allah ya jiƙansa, yana da wani rubutu da yake yi wa masu ciwon ido. Dogon mutum ne, ba ya cin goro. Akwai wata rana muna tafe da shi a bakin fadama, jakinsa ya ƙi tsallaka ruwa, sai ya sauka ya ce da jakin...

MUHSINA: Baba.

MALAM: Ya ce da shi, kai ma kana da uzuri. Muka yi ta dariya. A ranar ne ma aka haifi...

MUHSINA: Baba, don Allah. Katina ba shi da yawa.

MALAM: To. To. Ina muka tsaya?

MUHSINA: Rubutu. Gobe da asuba. A ba ta ko kada a ba ta?

MALAM: Dalilin dai ban same shi ba. Wataƙila ma babu wani dalili sai son da nake mata. Bari mu bi ta wata hanyar. Da me kika ce ake haɗawa?

MUHSINA: Madara da zuma.

MALAM: In mai azumi ya sha rubutu da madara da zuma da rana tsaka, yana da azumi?

MUHSINA: Ba shi da shi.

MALAM: Ko ruwan rubutun zalla ya sha?

MUHSINA: Ya karye.

MALAM: To ashe ciki bai san bambanci ba. Abin da ya wuce maƙogwaro ya wuce. Su kuma sun ce a bar cikin wayam don kada ta shaƙe. Wanda ya saukar da ayar, ai shi ya sanar da matar nan inda za ta sa allurarta. Ba za su yi faɗa da juna ba. Kada a ba ta. A tsiyaya a tafin hannu, babu madara, a shafa mata a ka da ƙafafu. Kada ya kusanci idon, kada ya kusanci bakin. In ta farka, likita ta ce ta sha ruwa, sai a ci gaba. Alkawarin da kika ɗauka na sauke miki.

MUHSINA: Alhamdu lillahi. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Tsaya, kada ka kashe. Goggo tana baranda, bari in kai mata ta ji da kunnenta. Kada ka matsa daga gindin bishiyar.

MALAM: Ina nan. Ina zan je... Kai, kaji sun shiga shanyar Hanne. Hanne, ga kaji a kan geronki. Wannan katanga kuwa sai an nemo mai gini kafin wani ruwan. Yanzu wa na bari a waya...

MUHSINA: Baba, ga Goggo. Na buɗe murya, duk muna ji.

GOGGO: Yaya Malam, ina wuni?

MALAM: Wa nake ji kamar Hajo?

GOGGO: Ni ce, Yaya.

MALAM: Hajo 'yar rigima. Lafiya lau. Ya gida? Ya maigidanki Maiwada, yana nan yana fama da shanun nasa?

GOGGO: Yaya, Maiwada ai ya riga mu gidan gaskiya. Kai ka sallace shi.

MALAM: Haka ne. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ki yafe ni. Daga ina kike kira?

MUHSINA: Baba, gaya mata abin da ka gaya mini yanzu.

MALAM: Muhsina, ke ma kina nan? Me na gaya miki?

MUHSINA: Maganar rubutun Ummukulthum. Yanzun nan, Baba. Ka ce a shafa...

GOGGO: Dakata. Kada ki sa masa magana a baki. Kin ji dai da kunnenki, bai san zancen ba. Ni ranar da ya ba ni robar nan garau yake, ya dube ni ido cikin ido. Waccan maganar na riƙe.

MUHSINA: Wallahi Goggo ya faɗa. Baba, don girman Allah ka tuna. Azumi, ka yi misali da mai azumi.

MALAM: 'Yar nan, ban tuna ba. Ba zan ce na tuna ba alhali ban tuna ba. Hajo tana da gaskiya da ta ƙi karɓa.

MUHSINA: Shi ke nan. Shi ke nan, idon ya tafi.

MALAM: Yi shiru tukuna. Abin da na faɗa ya ɓace, amma ni ina nan. Hajo, ki kawo mini maganar daga farko, yadda mata suke kawo tambaya zaure. Muhsina, kada ki ce uffan.

GOGGO: To. Jikarka ce, Ummukulthum, ido ya kumbura ya fito. Ka yi mata rubutu da hannunka, hannun da ko cokali ba ya riƙewa sosai. Ka ce kullum da asuba. Masu asibiti za su sa ta barci su soka mata allura a bayan ido, sun ce kada ta ci abinci. Ni kuma ban ba ta abinci ba. Ko lomar tuwo ban ba ta ba. Ayar Allah na ba ta, suka kore mu kamar mun yi sata.

MALAM: Me ya sa ba sa so ta ci?

GOGGO: Wai zai taso ya shaƙe ta tana barci. In ji su.

MALAM: Kin taɓa ganin an sa mutum irin wannan barcin?

GOGGO: Ban taɓa ba.

MALAM: Ni ma haka. Su sun gani. Rubutun, haka kike ba ta zalla?

GOGGO: Da madara da zuma, yadda ka ce. In babu su ba ta sha, sai ta tofar.

MALAM: Hajo, in kina azumi kika sha wannan haɗin da azahar, za ki rama ko ba za ki rama ba?

GOGGO: ...Zan rama.

MUHSINA: Goggo, kin ji? Wallahi abin da ya...

MALAM: Na ce ki yi shiru. To Hajo, in ya karya azumin Allah, yaya ba zai karya na likita ba? Kada ki ba ta. Ki zuba a hannunki ki shafa mata a ka, ki shafa a ƙafa. Ki nisanci idon da bakin. Sha kuma sai sun ce ta sha.

GOGGO: Yaya, za su kwantar da ita shiru kamar gawa, su rufe ƙofa, ba uwa ba kaka. Ka ce in bar ta ta shiga cikinta babu ko aya ɗaya? Yarinyar nan a bayana ta girma. Jiya da dare ta ce mini, Goggo, in an cire idon za ki riƙa ja mini hannu? Me zan ce mata?

MALAM: Me kika ce mata?

GOGGO: Na ce ba mai cire mata ido ina raye.

MALAM: To ki taimaka kada a cire. Kin iya Fatiha?

GOGGO: Wace irin tambaya ce wannan?

MALAM: Ni na koya miki, kuma na sha wuya, shi ya sa nake tambaya. Ki zauna a bakin ƙofar da suka rufe, ki yi ta karantawa har su buɗe. Wannan ba mai hana ki. Amanar da na ba ki na karɓe, na ba ki wannan a madadinta. Ina robar?

GOGGO: Tana cikin kwanon tuwo, ƙarƙashin zannuwana.

MALAM: Ki miƙa wa uwar yarinya.

GOGGO: Zan miƙa. Amma shafawar ni zan yi.

MALAM: Ke za ki yi. Muhsina, kin ji?

MUHSINA: Na ji, Baba. Na gode. Goggo, ki yafe ni.

GOGGO: Share hawayenki kada ta tashi ta gani.

MALAM: Tun yaushe za ta daina ci?

MUHSINA: Daga tsakar dare, har a fito da ita. Wataƙila hantsi, wataƙila azahar.

MALAM: To ba za ta ji yunwa ita kaɗai ba. Ango ba ya karyawa amarya tana zaune da yunwa. Ni ma ba zan sa komai a bakina ba sai kun kira kun ce ta farka.

MUHSINA: Baba, ga maganin ƙafarka da safe.

MALAM: Ƙafa ta jira. Amma ki kira Musbahu in ya dawo, ki gaya masa ya hana Hanne kawo mini koko. Kada ki bar mini saƙon, ba zai kwana ba. In ta ajiye kwanon a gabana zan sha, ban san na yi wa kowa alkawari ba.

MUHSINA: Zan gaya masa. Baba, sun yi mini gargaɗi, katin ya kusa...

MALAM: Saura abu ɗaya. In ta warware, ki sake nuna mata mayafin. Duk abin da ta ce, ja ko toka, ki kira ki gaya mini. Ko na tambaye ki wace yarinya ce, kada ki gaji, ki fara mini daga farko, ki ce amaryarka ce, wadda ka ajiye wa go...